Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Gwamnatin Amurka Na Taya Mai Ƙaramin Ƙarfi Biyan Kuɗin Ɗumama Gida?

Tambaya:

Malam, ni 'yar Damagaram ce, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok tare da maigidana da 'ya'yanmu uku, autarsu shekararta huɗu. Shi tasi yake ja, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Muna haya ne a saman wani gida mai hawa biyu, kuma mu ke biyan kuɗin gas ɗin da ke ɗumama sashenmu. Tun da sanyi ya shigo kuɗin ya fi ƙarfinmu. Muka rage gas muka sayi hita biyu ta lantarki, sai ga kuɗin wuta shi ma ya tashi. Yanzu an aiko mana da takarda cewa za a yanke. Wata maƙwabciyata ta ce gwamnati na taimakawa, amma maigidana ya ƙi. Ya ce wannan bara ce, kuma karɓar kuɗin gwamnati zai ɓata mana takardun zama. Ni da shi duka muna da katin zama na dindindin, yaran kuma nan aka haife su. Malam, mene ne gaskiyar maganar nan?

Wata baiwar Allah, daga Bronx

Amsa:

'Yar'uwa, Allah Ya yaye muku. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, kuma bisa yadda kika bayyana gidanku, irinku aka yi wa tallafin. Sai dai takardar yankewar nan ta fi komai gaggawa, don haka da ita za mu soma.

A Jihar Niyok kamfanin gas ko na lantarki ba ya wayar gari ya yanke wa gida wuta. Doka ta wajabta masa aiko da gargaɗin ƙarshe a rubuce, ya kuma jira aƙalla kwana 15. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, wato lokacin sanyi, ƙa'idar ta ƙara tsanani: kafin a yanke abin da gida ke ɗumama da shi, sai kamfani ya yi ƙoƙarin ganawa da mutanen gidan ya bincika ko yankewar za ta jefa lafiyar wani cikin haɗari. Ki ɗauko takardar yau, ki duba ranar da aka rubuta, ki buga lambar da ke jikinta. Ki ce kina neman yarjejeniyar biyan bashi kaɗan-kaɗan. Dole ne su yi miki tayin haka, kuma idan kun nuna ba ku da hali, ana iya sauke biyan tsohon bashin har zuwa dala 10 a wata, ba tare da kafin alƙalami ba, muddin kuna biyan sabon kuɗin wata-wata. Ki gaya musu akwai ƙaramar yarinya a gidan, kuma kina kan neman tallafin gwamnati. In akwai mai ciwon da sanyi ke tayarwa, kamar asma, takardar likita na dakatar da yankewa na kwana 30. Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne su tura takardar ƙarƙashin katifa don fargaba, har ranar ta cika.

To, shi tallafin. Sunansa a matakin tarayya LIHEAP, a Jihar Niyok kuma HEAP ake ce masa. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a 1981, bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970 ta bar tsofaffi da talakawa suna zaɓi tsakanin abinci da ɗumi. Ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a ta tarayya ke riƙe da kuɗin, wajen dala biliyan 4 a shekara a 'yan shekarun nan, tana raba wa jihohi, kowace jiha kuma ta tsara yadda za ta bayar. Gidaje kusan miliyan 6 ke samu a shekara. Kyauta ce, ba rance ba. Ba a biya daga baya, babu ruwa a kanta, kuma cike takardar nema ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ki ba shi wani abu ya shigar da ku, ki rabu da shi.

Mutane da yawa suna cire kansu tun kafin su tambaya, suna cewa ai mu muna aiki, ba za a ba mu ba. Dokar tarayya ta bar wa jiha ta karɓi gidan da samunsa bai wuce kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci ba, ko kashi 60 cikin 100 na matsakaicin samun iyali a jihar, duk wanda ya fi yawa. Niyok jiha ce mai tsada, don haka iyakarta na da faɗi. A sanyin 2024 zuwa 2025, gida mai mutum huɗu na iya samun har dala 6,390 a wata ya cancanta, mai mutum biyar irin naku kuwa dala 7,412. Ana sabunta alƙaluman kowace shekara. Kuɗin da ake ƙirgawa shi ne na kafin a cire haraji, na duk manyan da ke gidan.

Nawa ake bayarwa? Gara ki sani tun yanzu don kada ranki ya ɓaci: ba ya biyan kuɗin sanyi gaba ɗaya. A wannan shekarar da na ambata, wanda ke ɗumama gida da gas ko lantarki ya samu dala 400, mai amfani da man ɗumama gida ko kananzir dala 900, sannan ana ɗan ƙara wa gidan da samunsa ya yi ƙasa sosai, da gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 6, ko tsoho ɗan 60 zuwa sama, ko mai naƙasa. Autarku ta sa ku cikin wannan rukuni. Sau ɗaya ake bayarwa a shekara, kuma ba a hannunku za a danƙa ba. Kai tsaye ake tura wa kamfanin, ku ga an rage a takardar kuɗinku.

Wani zai ce a kan dala ɗari huɗu zan tara takardu in bi layi? A ganina ƙofofin da kuɗin ke buɗewa sun fi kuɗin kansa. Tun 2016 hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da gas a jihar ta sa manufar cewa kada kuɗin makamashi ya cinye wa mai ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 6 cikin 100 na samunsa. Saboda haka manyan kamfanoni irin su Con Edison da National Grid suna da tsarin rangwame na wata-wata, kuma gidan da HEAP ya biya wa kuɗi a asusunsa ana shigar da shi wannan tsari. Rangwamen yana tafiya har cikin bazara, kuma idan aka tara na shekara yakan kai abin a zo a gani. Ban da haka, akwai tallafi na biyu, na gaggawa, wanda aka saba buɗewa a farkon Janairu, domin gidan da aka yanke wa wuta, ko aka aiko wa takardar yankewa, ko mansa ya kusa ƙarewa. Wannan shi ya fi dacewa da halin da kuke ciki. Sharaɗinsa takardar kuɗin ta kasance da sunan mai nema, kuma ana duba abin da kuke da shi a banki. Dokar tarayya ta ce a ɗauki mataki kan irin wannan buƙata cikin awa 48, idan kuwa rai na cikin haɗari, cikin awa 18. Da an amince, ofishin ke sanar da kamfanin a dakatar da yankewa.

Mu zo kan maganar maigida, domin na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Ina girmama mutumin da ya tsallaka teku da niyyar cin guminsa, wanda ba ya son miƙa hannu. Tarbiyya ce mai kyau, kada ki yi masa gardama a kanta. Ki dai nuna masa takardar albashinki, ya ga abin da gwamnati ke cirewa kafin kuɗin ya iso hannunki, ya tuna harajin da shi ma yake cikewa duk shekara a kan abin da tasi ta kawo. Daga wannan baitulmali aka ware kuɗin ɗumama gida, da doka, da sharuɗɗa a rubuce, kuma Ba'amurken da kakanninsa suka yi shekara ɗari biyu a ƙasar layi ɗaya yake bi da ku. Mai bara yana roƙon abin da ba shi da rabo a ciki. Ku kuwa kuna zubawa a asusun nan tun ranar da kuka fara aiki. Sannan ciyarwa da tufatarwa da matsuguni nauyi ne a wuyan uba, kuma a garin da ruwa ke daskarewa a kan titi, ɗumin ɗaki yana cikin matsuguni. Uban da ya nemo wa 'ya'yansa ɗumi ta halastacciyar hanya ya sauke nauyi ne, bai zubar da girma ba.

Batun takardun zama kuwa, tsoron yana da tushe, amma ba ku ya shafa ba. A dokar shige da fice ta Amurka akwai gwajin da ake yi wa mai neman shiga ƙasa ko mai neman katin zama na dindindin, a duba ko zai zama nauyi a kan gwamnati. Wanda ya riga ya mallaki katin ba a yi masa wannan gwaji lokacin sabunta shi, ba a kuma yi masa lokacin neman zama ɗan ƙasa. Inda ake so ku kula shi ne doguwar tafiya: mai katin da ya je gida ya wuce kwana 180 ana iya ɗaukarsa kamar mai neman shiga sabo a ranar da ya dawo. Ko a nan ɗin ma, ƙa'idar wannan gwaji ta 2022 ba ta ƙirga tallafin ɗumama gida ba, tsattsaurar ƙa'idar 2019 ita ma ba ta sa shi cikin jerinta ba. Haka kuma jiran shekara 5 da ake sa wa sababbin masu kati kafin wasu tallafi, kamar na abinci, babu shi a nan. Amma ga masu karatu da har yanzu takardunsu ke gaban hukuma, shawarata dabam ce. Ƙa'idar nan tana sauyawa da sauyin gwamnati, kuma a Nuwamban 2025 ma'aikatar tsaron cikin gida ta gabatar da ƙudurin soke ta 2022. Irin waɗannan su ga lauyan shige da fice kafin su sa hannu a kowace takarda. Birnin Niyok na da masu ba da wannan shawara kyauta ta ofishin magajin gari mai kula da baƙi. Gidan da iyaye ba su da takarda amma yaran 'yan ƙasa ne, shi ma yana iya nema da sunan yaran, sai dai shi ma ya fara da lauya.

A birnin Niyok hukumar HRA ke karɓar takardun, ta intanet a shafinta na ACCESS HRA, ko ta gidan waya, ko ki je ofis da ƙafarki. Na gaggawa ta tarho ake fara shi. Ki tanadi shaidar kowane mutum a gidan da lambarsa ta Soshal, takardar haya, takardar kuɗin gas da ta wuta ta baya-bayan nan har da ta yankewar, da takardun albashinki na makonnin da suka wuce. Shi maigida, tun da kansa yake yi wa aiki, zai kawo lissafin shigar kuɗinsa na watannin baya ko takardar harajin da ya cike. Nan ne direbobinmu suka fi samun tsaiko, don haka ya fara haɗawa tun daren yau. In Turanci na ba ki wahala ki nemi tafinta, haƙƙinki ne kuma kyauta ne. In ba a samu mai Hausa nan take ba, mai Faransanci ba ya wuya. Amsar tallafin farko na zuwa a rubuce cikin kwanakin aiki 30. Idan aka ƙi, takardar za ta faɗi dalili da wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma sau da yawa dalilin bai wuce takarda ɗaya da ba a haɗa ba.

Kada ki jinkirta. Wannan tallafi ba kamar fanshon tsufa ba ne da duk wanda ya cancanta sai ya samu. Kuɗi ne ƙayyadadde, idan ya ƙare a rufe ƙofa sai baɗi. A faɗin Amurka, cikin gidaje biyar da suka cancanta da ƙyar ɗaya ke samu. An saba buɗewa a Nuwamba, kuma in kina da sammako wani a tafe ya kwana. Shirin kansa ma yana shan girgiza: a Afrilun 2025 aka sallami ma'aikatan tarayya da ke kula da shi, fadar shugaban ƙasa ta nemi a soke kuɗinsa a kasafi, sannan rufe ayyukan gwamnati da aka yi daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamban 2025 ya sa jihohi da dama, har da Niyok, suka buɗe a makare. Ni ina ganin kuskure ne babba a yi wasa da kuɗin da ke hana tsohuwa daskarewa a ɗakinta, amma talaka ba shi ke rubuta kasafi ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya kai takardarsa da wuri.

Yanzu hitocin nan guda biyu. Su suka fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarki, fiye da bashin. Ta fuskar kuɗi ma ba su taimake ku ba. Hita irin wadda aka fi sayarwa na jan wat 1,500. In ta yi awa goma a kunne kowace rana, ta sha yunit 450 a wata. A lissafa kowane yunit a kan senti 30, dala 135 ke nan, guda biyu kuma 270. Abin da kuka rage a gas kun mayar da shi a lantarki, wataƙila har da ƙari.

Amma hasarar kuɗi mai sauƙi ce. Kina Bronx, ba sai na tuna miki ranar 9 ga Janairun 2022 ba, lokacin da gobara ta tashi a benen Twin Parks mai hawa 19. Hitar lantarki ce da aka bari a kunne ta kama a wani sashe na ƙasa-ƙasa, ƙofofin da ya kamata su rufe kansu suka tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya cika ginin. Mutum 17 suka rasu, 8 daga ciki yara, akasarinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya, mutanen da muke haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Allah Ya jiƙansu. In dole sai kin kunna hita, ki sa ta a ƙasa, tazarar kamar mita ɗaya tsakaninta da labule da katifa da tulin kaya. A soka ta kai tsaye a soket na bango, ban da wayar ƙari. A kashe ta kafin barci da kuma lokacin fita. Hitar kananzir kuwa haramtacciya ce a gidajen birnin Niyok.

Akwai kuma abin da muka taso da shi wanda ba ya yiwuwa a can. A Damagaram ko Kano, in hunturu ya tsananta, tsohuwa kan shiga da kaskon garwashi ɗaki, kuma ko a gida hakan ya sha kashe mutane, duk da cewa ɗakunanmu na shan iska ta ƙofa da taga da rufi. Gidan Amurka an gina shi ne don kada iska ta shiga ko ta fita. Gawayi, ko murhun gas da aka kunna aka bar tandunsa a buɗe don ɗumi, suna fitar da iskar guba ta kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ce bari in ɗan kwanta, shi ke nan. Turaren wuta a kan gawayi ma a yi shi taga a buɗe, a kashe garwashin da an gama. Doka ta ɗora wa mai gidan haya sa na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi ko wannan iska. Ki danna maɓallinta ki tabbatar tana aiki, kuma kada a cire mata batir don ta dame ku lokacin girki.

Ki isar da wannan ga ƙawayenki da ke manyan benaye, waɗanda kuɗin ɗumi ke cikin kuɗin hayarsu, domin su matsalarsu daban ce. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, dokar birni ta ce tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare, in sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Amurka, dole cikin ɗaki ya kai 68, wato digiri 20 a ma'aunin da muka saba. Da dare kuma kada ya gaza 62, kusan 17 ke nan, ko yaya waje yake. In bai kai ba, mai gida ne ya karya doka. A fara gaya masa, in bai gyara ba a buga 311, birni zai turo mai bincike. Ɗan haya da ya sayi hita ya yi shiru yana biyan kuɗin ɗumi sau biyu ne. Su ma suna iya neman HEAP, sai dai rabonsu kaɗan ne, dala 21 zuwa 50 a shekarar da na ambata.

Masu karatu a wasu jihohi, sunan da ranakun sun bambanta. A Karolaina ta Arewa, inda 'yan Nijar ke da yawa a Greensboro, LIEAP ake cewa, ana fara karɓar na tsofaffi da masu naƙasa a Disamba, sauran jama'a daga Janairu zuwa ƙarshen Maris. A Ohio akwai tsarin PIPP Plus, inda gida ke biyan wani ƙayyadadden kaso na samunsa a wata maimakon abin da mita ta nuna. Ko'ina kuke, lambar 211 za ta haɗa ku da ofishin yankinku.

In ƙurar nan ta lafa, 'yar'uwa, ki nemi abu biyu. Ki ce wa kamfanin ya daidaita muku biya, a raba kuɗin shekara gida goma sha biyu, don kada Janairu ta zo muku da dutse. Sannan ki nemi shiga shirin gyaran gida don riƙe ɗumi, wanda aka kafa a 1976, kuma ma'aikatar makamashi ta tarayya ke ɗaukar nauyinsa. Ma'aikata ke zuwa su auna inda iska ke shiga, su toshe, su sa abin riƙe zafi a rufi da bango, su duba tukunyar ɗumama gidan. Wanda ya cancanci HEAP a Niyok ya cika sharaɗin samu na wannan ma, kuma ɗan haya na iya nema idan mai gida ya yarda. Saman tsohon gida irin naku ta rufi da tagogi zafi ya fi tserewa. Layin jiran yana da tsawo, don haka ki sa sunanku yanzu ko da aikin sai bayan sanyi. Kafin nan, ledar manna wa taga da ake sayarwa a shagunan kayan gini da tsohon bargo a gindin ƙofa za su rage muku wani abu a takardar wata mai zuwa.